Ƙarfe Biyar da Hannun Baba

Ke kika sa ni zaman rubuta wannan, Zainabu, ranar da kika ce mini kina dariya wai shekara ashirin da wani abu na yi a kanti ɗaya amma ko kujera ba a taɓa ba ni ba. Na taya ki dariya, ƙannenki ma suka taya mu, amma maganar ta kwana a raina. Gaskiya kika faɗa, a tsaye na fara aikin nan, a tsaye na gama shi. Sai dai an taɓa miƙo mini kujerar, ni ne na mayar, kuma ina so ku ji dalili daga bakina tun ina da bakin faɗa, kada wata rana wani ya ce muku ubanku rago ne marar zuciyar nema.

Kakanku Malam Garba ba ku san shi ba, ke kaɗai aka haifa a lokacin, kina goye. Direban tanka ne, ya yi shekaru yana ɗaukar mai daga Apapa ta Legas yana kaiwa Arewa, dogo, mai tsafta, mai son turare, ga taurin kai kamar na wasu da ba zan kama suna ba a cikinku. Ciwon suga ne ya cinye masa idanu a hankali. Da farko ya bar tuƙin dare, daga baya ya ajiye mota gaba ɗaya, har ranar da ya tambayi Inna, kakarku, ko an ɗauke wuta, alhali rana tsaka ce. Ni ne ɗansu na fari, kuma kun dai ji yadda mutanen da suke da ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana son magana da ni sai ya ce “Kai”, in kuwa Inna yake tambaya sai ya ce “Yaron nan ya dawo?”, ni kuwa a lokacin har gemu na ajiye, ga mata ga 'ya. Ba ya roƙona abu, ba ya yaba mini, ba ya kawo mini ƙorafi. Haka aka rene shi, haka ya rene ni.

Da idon ya rufe gaba ɗaya aka sayo masa sanda. Rana ɗaya ya fita da ita. Yana tsaye bakin titi yana sauraren motoci sai wata mata ta kama hannunsa ta danƙa masa kuɗi, ta ce da Yarbanci ya yi mata addu'a. Ya juyo gida ko masallacin bai kai ba, ya wurga sandar ƙarƙashin gado.

“Ni Garba? Ni da na kai mai har bakin iyaka, ni za a sa wa sadaka a hannu a Agege?”

Wata biyu bai leƙa waje ba. Sallolinsa duk a ɗaki. Ya rame, ya daina kunna rediyo, abinci ma sai Inna ta yi da gaske. Wata ranar Lahadi da yamma na yi ƙarfin hali na durƙusa na ce masa zan tafi masallacin bakin layin dogo, ko zai raka ni. Sai ya ce a miƙo masa hula. A nan tsofaffin direbobi abokansa suke haɗuwa, su yi Magariba, su zauna kan tabarma ana shayi ana tuna hanyoyi har a kira Isha. Ban ja shi a gaba kamar yadda ake jan makaho ba. Hannunsa na riƙe muna tafe kafaɗa da kafaɗa, yadda abokai suke yi, yana sanye da baƙin tabarau, kansa a miƙe. In za mu hau tudu na ɗan matsa yatsansa sau ɗaya, in kwata ce a gaba sau biyu. Wanda bai san shi ba ba zai ce ba ya gani ba. Daga ranar wannan tafiya ta zama ita ce rayuwarsa, kuma ba ya yarda kowa ya riƙe masa hannu sai ni.

A lokacin ina aiki a wani babban kanti a Ogba, kusa da unguwarmu ta Agege, irin wanda mutum yake tura kwando yana ɗibar abin da yake so. Ni ke jera kaya a ɓangaren shinkafa da man girki da gwangwanaye. A takarda aikina daga takwas na safe ne zuwa biyar na yamma, shi kuwa kantin sai tara ake rufewa. In na fita biyar cif na sami danfo, bas ɗin haya, ko da gosulo shida ta yi mini a gida, na watsa ruwa, na yi alwala, mu fita a natse. Da farko haka ake yi. Sai aka kawo mana sabuwar manaja, Madam Ronke, gajeruwar mata mai tabarau, makullai a ɗaure a wuyan hannu. Ba ta da tsawa, ba ta zagi, kuma wallahi da ta yi zagin da ya fi mini sauƙi. Biyar saura kwata za ka ji ƙarar makullanta a bayanka, ta tsaya, ta yi magana a hankali da Yarbanci, don ta san a Agege aka haife ni.

“Habibu, motar kaya ta makara. Za ka iya ɗan tsayawa?”

“To, Madam.”

Sauran ma'aikata kowa da amsarsa a aljihu. Wannan yana da karatun yamma, wannan yana da coci, wannan ya ce kai tsaye ya gaji. Ni kuwa a gidanmu ba a koya mini kallon na gaba da ni na ce masa a'a ba. In babba ya ce ka yi, ka ce to, in akwai damuwa ka haɗiye. Emeka, abokin aikina da muke jera kaya tare, har suna ya raɗa mini, Malam To. Ɗan tsayawar nan kuwa ba ta taɓa zama 'yar kaɗan ba. Daga sau ɗaya a mako ta koma uku, ta koma kusan kullum. In motar kaya ba ta makara ba, to wani bai zo ba, ko layin masu saye ya yi tsawo, ko masu kantin za su zo dubawa gobe. A bayan sito nake shimfiɗa kwali na yi Magariba, na dawo gida bayan Isha. Na shiga na gaida Baba, ya ce “Sannu da aiki”, shi ke nan. Ni da wautata sai na ɗauka abin bai dame shi ba.

Ummanku ce ta buɗe mini ido, kun dai san ta, ba ta iya ajiye magana ta kwana. Ta ajiye mini tuwo ta zauna ta zuba mini ido har na kasa kai loma.

“Baban Zainabu, kai ba ka ganin abin da nake gani. Tun biyar da rabi tsohon nan yake wanka. Ya sa riga, ya sa hula, ya shafa turare, ya zauna kan benci a bakin ƙofa. Duk takun da ya ji sai ya ɗaga kai. In aka kira salla ya ji an tayar, sai ya lallaba ya koma ɗaki ya cire hular. Kullum fa! Shi ba zai faɗa maka ba, Inna ba za ta faɗa maka ba, to ni ba ɗan farina ba ne kai.”

Na ce mata gobe zan yi wa Madam magana. Gobe ta yi, makullai suka yi ƙara a bayana, na juyo da maganar a bakina, na ji kaina ina cewa to. Jibi ma haka. Kai, na ji haushin kaina a makon nan ba kaɗan ba.

Sai na yi abin da na ga manya suna yi in magana ta yi nauyi, na je na nemo dattijo. Alhaji Sule aminin Baba ne, tsohon ɗan kasuwar goro, Yarbanci a bakinsa ya fi na wasu Yarabawan. Na zayyana masa komai. Ya shafa gemu ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, a bar masa. Ranar Talata sai ga shi a kanti cikin babbar riga mai aiki, da ƙunshin goro fari tas a cikin ganye. Masu saye suna ta kallonsa. Madam ta shigar da shi ofis ta ba shi kujera, ni na tsaya bakin ƙofa hannu a baya. Alhaji ya gaishe ta, ya gaida maigidanta, ya gaida yara, ya tambayi garinsu, ashe ya taɓa sayen goro a can, aka ɗauki lokaci ana wannan. Da ya zo kan magana sai ya nuna ni.

“Wannan yaro namu ne, ɗan gidan mutunci. Ba ya sata, ba ya musu, ba ya gajiya. Mahaifinsa ya manyanta, shi ne babba a gida, nauyi duk a kansa yake. Mun kawo miki shi amana, ki riƙe shi kamar ƙaninki, ki duba lamarinsa.”

Madam ta karɓi goro da hannu biyu, ta yi godiya, ta rako shi har bakin titi. Da muka keɓe na ce, “Alhaji, ban ji ka ambaci ƙarfe biyar ba.” Ya dube ni kamar na yi saɓo.

“Haba, yaro! Ana faɗa wa babban mutum magana tsirara haka? Mace ce mai hankali, ta gane.”

Ta kuwa gane, amma ba abin da muka je faɗa ba. Ranar Litinin ta kira ni ofis, fuskarta a sake, ta ciro makullin sito daga wuyan hannunta ta miƙo mini. Ta ce ta ji saƙon dattijo, ta san ina da nauyin gida, kuma in na ci gaba yadda nake, ƙarshen shekara ni za ta ba kujerar mai kula da ma'aikata, da ƙarin albashi. Mai riƙe da makullin sito kuwa shi ne na ƙarshen fita. Wato goron da na saya da kuɗina shi ya ƙara ɗaure ni. Kuma kada na yi muku ƙarya, na yi murna. Na riƙa hango kaina da farar riga da alƙalami a aljihu, na hango mun bar ɗaki biyu mun kama gida mai famfo a ciki. Na ce wa kaina watanni kaɗan ne, Baba zai yi haƙuri, ai mai haƙuri ne.

Ana cikin damina wani tsohon abokinsa da suka yi tuƙi tare, wanda ya koma Kano da zama, ya zo Legas kwana biyu, aka aiko cewa zai yi Magariba a masallacin bakin layin dogo. Da safe ina ɗaura takalmi Inna ta tsaya daga nesa tana kallon bango, ta ce, “Ya ce a gaya wa yaron nan, yau in da hali.” A iya sanina wannan ne karo na farko da Baba ya nemi wani abu a wurina. Na ce in Allah ya yarda biyar a hanya za ta same ni. Biyar saura kwata tirelar shinkafa ta tsaya a bayan kanti, hadari ya haɗu, buhuna a buɗe, makullin sito a aljihuna. Madam ta zo da sauri ta ce, “Habibu, ka ga dai.” Na dubi sama, na dubi buhunan, na ce to.

Da na iso gida an yi Isha. Ummanku tana tsakar gida a durƙushe gaban baho, tana wanke farar babbar rigar Baba, wadda yake sawa ranar Idi. Ruwan bahon baƙi ƙirin, ga wari. Ba ta ce mini sannu ba, ta ɗaga rigar ta nuna mini inda jini ya ɓata. Ashe da ya ji an fara kiran salla bai ji takuna ba, sai ya tashi ya fita shi kaɗai, babu sanda, yana shafa bango. Ya wuce gida huɗu lafiya. A kwanar da nake matsa masa yatsa sau biyu ya zurma cikin kwata, ruwan sama ya cika ta, ƙaurinsa ya daki bakin siminti. 'Yan okada masu babur ne suka ciro shi suka kawo shi gida, jama'a na biye suna sannu Baba, sannu Baba. Mai ciwon suga kuma kun san yadda rauni yake a jikinsa. Na shiga ɗaki. Yana kwance ya juya wa ƙofa baya, an naɗe ƙafar. Na durƙusa a bayansa. Shi ya yi magana.

“Sannu da aiki.”

Da ya zage ni, da ya ɗaga hannu ya mare ni, wallahi da na fi samun sauƙi. Na fito na zauna kan bencin nan nasa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro.

Washegari ban nemi dattijo ba, ban sayi goro ba. Na shiga ofishin Madam na ajiye makullin sito a kan teburinta, na faɗa mata komai yadda yake, tun daga sandar har kwatar. Na ce daga yau biyar in ta yi zan tafi, in kuma hakan ba zai yiwu ba, na gode da zaman da aka yi. Ta cire tabarau ta daɗe tana kallona.

“Wata nawa ke nan?”

“Takwas, Madam.”

“Wata takwas! Habibu, kullum tambayarka nake yi. Za ka iya, za ka iya? Kana cewa to. Ni duba nake yi da zan san akwai makaho zaune yana jiranka? Tsaya ma, tsohon nan mai goro, abin da ya zo faɗa ke nan?”

Na ce shi ne. Ta dafe kai, ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba, ta ce ita duk zatonta girma ya zo nema mini. Sannan ta gyara zama ta yi mini maganar da ban taɓa mantawa ba. Ta ce ba za ta yaudare ni ba, mai kula da ma'aikata dole ya kai tara, don haka kujerar ta wuce ni, Emeka za ta ba. Ni kuma zan riƙa zuwa shida da rabi na safe na karɓi burodi da kayan da ake kawowa da sassafe, biyar na yi na kama hanya.

“Amma ka ji da kyau. Ni ma akwai masu zaune a wuyana, kuma zan manta, zan sake tambayarka. Ranar da na tambaya ka buɗe baki ka ce a'a. Kada ka sake turo mini tsoho.”

Bayan mako biyu kuwa ta manta ɗin, ko kuma gwada ni ta yi, har yau ban sani ba. Kanti cike da mutane, makullai suka yi ƙara a bayana, ta ce ko zan ɗan tsaya. Na ce, “A'a, Madam, biyar ta yi.” Emeka ya saki gwangwanin da ke hannunsa. Ita kuwa ta gyaɗa kai kawai ta ce, “Ka gaida Baba.” Manajoji huɗu na yi aiki da su bayanta, kowanne ranar da ya fara na shiga na gaya masa da bakina, da ladabi, tun kafin ya tambaya. Biyu sun ji haushi, ɗaya ya yi wata shida yana ba ni aikin da ya fi wahala, amma babu wanda ya kore ni.

Abin ya ci mini, ba zan ɓoye ba. Emeka ya hau kujerar, daga nan ya zama manaja a wani reshe, ya sayi mota, in ya gan ni a tashar danfo ya tsaya ya rage mini hanya, mutumin kirki ne. Mu kuwa muka ƙara shekara bakwai a ɗaki biyu, kuna layin famfo da bokiti kafin ku tafi makaranta. Akwai ranakun da na ji zafin haka har cikin ƙashina. Ko bayan rasuwar Baba an sake yi mini tayin kujerar sau ɗaya, amma a lokacin ku ne kuke jirana da yamma da allunanku da littattafanku, na riga na san daɗin isowa gida da sauran rana. Na gode wa Allah da Ummanku, da ba ta taɓa yi mini gori ba sai sau ɗaya, shi ma ta ba ni haƙuri kafin gari ya waye. Na gode wa Madam Ronke, wadda ranar sadakar uku ta Baba ta zo har gidanmu ta ɗaura ɗankwali ta zauna cikin mata, ta miƙa wa Inna ƙunshin goro a cikin ganye. Alhaji Sule yana ganin haka ya taɓo ni ya ce, “Ban gaya maka mace ce mai hankali ba?” Allah Ya jiƙansa, har ya bar duniya yana ganin shi ya gyara maganar, ni kuma ban taɓa musa masa ba.

Ƙafar Baba ta ɗauki wata uku kafin ta warke, kuma Allah Ya ƙara masa shekara biyu da 'yan watanni. A cikinsu ban sake barinsa zaune kan benci da hula ba, sai ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, ranar ma da kansa ya aiko Inna ta ce kada yaron nan ya tashi. Bai taɓa tayar da maganar kwatar ba, bai taɓa tambayata abin da ya faru a wurin aiki ba, ko da yake na san Ummanku ta gaya wa Inna, kuma abin da Inna ta sani ya sani.

Saura kamar wata ɗaya ya rasu, mun idar da Magariba muna zaune kan tabarma, aka sami wani baƙo a cikin direbobin, wanda bai san mu ba. Ya ga na zuba shayi na sa wa Baba kofin a hannu, sai ya ce, “Malam Garba, wannan bawan Allah da ke kawo ka kullum, maƙwabci ne?” Na sunkuyar da kai, don na san abin da zai ce, yaron gidanmu ne. Baba ya kurɓi shayi, ya ajiye kofin a hankali, ya lalubo hannuna ya riƙe a gaban mutane.

“Habibu ne. Ɗana ne, na fari.”

Ina da shekara talatin da takwas a ranar, kuma ban sake jin sunan a bakinsa ba har aka binne shi. Ita ce kujerar da aka ba ni, Zainabu, kuma har yau a kanta nake zaune.